Kada Ka Bar Mai Masauki Shi Kaɗai

Ɗana, idan aka ce 'yan gudun hijira, na san abin da ke fara zuwa maka a rai shi ne tantuna a jere da fararen motocin ƙungiyoyin agaji. Waɗannan suna nan, sun kuma yi aikinsu, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai akasarin mutanen da tashin hankali ya raba da gidajensu a ƙasashenmu ba su taɓa kwana a tanti ba. A zaurukan mutane suka kwana, da ɗakunan ajiya da aka kwashe tarkace aka share, da kangaye, da barandar masallaci. Wanda ya buɗe musu ƙofar nan, a kansa nake so mu yi magana, domin shi ne wanda kowa ke mantawa da shi.

A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram. Bama ta bi a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, Baga a farkon Janairun 2015. Kafin shekarar 2015 ta fita, ƙidayar hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta nuna mutum fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu a arewacin Najeriya, kuma kusan 9 cikin kowane 10 a cikin gari suke zaune tare da jama'a. Ka tsaya ka auna wannan magana da kyau. Nauyin da ya gagari hukuma, malamin firamare ne ya ɗauke shi, da tela, da mai tireda, da bazawarar da ke tuyar ƙosai a bakin titi a Maiduguri. Gidan da aka saba dafa kwano ɗaya ya koma dafa uku, ba tare da ko sisi ya ƙaru a aljihun maigida ba. Babu wanda ya ɗauki hotonsu. Babu takardar yabo da aka miƙa musu.

A Yola ma haka aka yi da Mubi ta faɗi. Mutane suka kwararo, wasu a ƙafa ta cikin daji da duwatsu, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru suka zagayo. Jami'ar Amurka da ke Yola da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta haɗa malaman Musulunci da shugabannin Kirista da 'yan kasuwa, suka shiga tara abinci suna rabawa, har suka ciyar da mutum sama da 250,000. Abin da ya sa aikin ya tafi shi ne sun bi ta hannun limamai da fastoci da shugabannin mata, waɗanda suka san gidan da ya cika ya batse. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban mutane, kuma a 2021 cocinsa ta gina wa waɗanda ba su iya komawa ba gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta, da coci, da masallaci saboda Musulmin cikinsu. Da gangan na kawo maka wannan. Ranar da wani zai raɗa maka cewa a tantance addinin mai jin yunwa ko ƙabilarsa kafin a auna masa hatsi, ka tuna da masallacin nan da wanda ya gina shi, ka ji kunyar saurarensa.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya kuwa na Maraɗi ne. Daga 2019, da 'yan bindiga suka tsananta wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mata da yara suka riƙa tsallaka iyaka suna faɗawa ƙauyukan yankin Gidan Rumji. Kafin ƙarshen shekarar sun haura 40,000. Babu sansanin da ke jiransu. Manoman da su kansu hatsinsu ba kasafai yake kai su wata kakar ba, su suka karɓe su, suka raba rumbu da su, suka sha ruwan rijiya ɗaya. Sai daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka zaunar da su kusa da 'yan gari.

Wanda ya san tarihin wurin ba zai yi mamaki ba. Maraɗi kanta masu gudun hijira ne suka raya ta, sarakunan Katsina da jama'arsu da suka bar birninsu bayan jihadi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Tsibiri kuma Gobirawa ne suka sami mafaka a cikinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi ma hijira ya yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanenmu sun bi hanyar gabas har Sudan, aka ba su wuri a bakin kogi suka kafa Mai Wurno, jikokinsu suna can. A farin 1973 da na 1984 kuma daga arewa aka gangaro, Kano da Katsina da Sakkwato suka zama masu masauki. Ka bincika asalin gidanku, ɗana. Da wuya ka hau kakanni huɗu ba ka tarar da wanda ya iso wani gari da ƙunshi a ka, wani bawan Allah ya nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma ba.

To, karɓar baƙo dai mun iya ta, ba sai an koya mana ba. Inda muke da rauni shi ne ɗorewa. A makon farko unguwa kan motsa: wannan ya kawo tabarma, wancan ya aiko da tuwo, matan gida su fito da tsofaffin zannuwa, matasa su buɗe zauren WhatsApp. Bayan wata guda ƙafa ta fara ɗaukewa. Bayan wata uku sai ka ga an koma gaisuwa daga nesa, an bar maigidan da ya sauke su yana fama shi kaɗai. Mun saba cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai ya tafi. Wannan baƙon ba shi da inda zai tafi. Sansanin Minawao a Kamaru an buɗe shi tun 2013, kuma yaran da aka haifa a cikinsa sun girma ba su san garin iyayensu ba. Na cikin gidajen mutane ma haka suke, shekaru suke yi.

Ka san yadda mai masauki ke karyewa? A hankali ne, kuma cikin shiru. Ya fara da cinye hatsin da ya ajiye, sai ya sayar da akuya, sai ya ci bashin mai kanti. Masai ya cika kafin lokacinsa, kuɗin ga-ruwa ya ninka, itace ba ya kwana. Matarsa da ke girki tun asuba ta fara gajiya, 'ya'yansa da aka matse a ɗaki ɗaya su fara ƙunƙuni. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya fito ya ce ya gaza ba, domin ɗan'uwansa ne, ko surukinsa, ko abokin cinikinsa na shekara ashirin. Ran da abin ya kai maƙura sai wata 'yar magana ta fita daga bakin wani, baƙon ya ji, ya tattara iyalinsa da daddare ya koma kango ko tasha. Sai unguwa ta ce wane ya kori baƙinsa. Wallahi ba shi ya kore su ba, mu da muka zuba masa ido ne.

Saboda haka idan za ku yi karo-karo, ku fara da tambayar gidan wa aka sauka, mutum nawa ne, me ake ci. Buhun da za ku kai, ku kai shi gidan gaba ɗaya, kada ku ce wannan na baƙi ne ban da 'yan gida. Tukunya ɗaya suke ci. Rabon da ya tsallake talakan gari ya ba baƙo kaɗai, gaba yake shukawa, kuma an ga haka a wurare da dama: maƙwabcin da ya kwana da yunwa yana kallon ana sauke kaya a gidan da ke jikin nasa, ba zai daɗe yana yi wa baƙon nan kallon rahama ba.

Ban hana ka zuwa taron ƙaddamar da gidauniya ba, amma kada ka dogara da shi. Ka san yadda ake yi. A kama zaure, a buga kati, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, ya tashi ya ambaci miliyoyi a yi tafi, washegari a fara zarya ofishinsa. Sau da yawa abin da aka kashe wa kujeru da lemo ya fi abin da ya shigo hannu. Ni na fi yarda da tiya. Buhun hatsi tiya 40 ne. Gida 40 a unguwa, kowanne ya ba da tiya ɗaya a wata, buhu ya tashi, kuma babu wanda ya ji a jikinsa. Wanda ba ya noma ya ba da kuɗin tiyar. Mai injin niƙa ya yafe kuɗin niƙan gidan da aka sauke baƙi. Mai kemis ya ɗauki nauyin maganin zazzaɓin yara biyu. Direba ya ɗauko kayan kyauta in ya dawo daga kasuwa. Abin da ake bukata shi ne ya zama kowane wata, kamar yadda mata ke zubin adashi ba fashi, ko an ji labarin sabon hari ko ba a ji ba.

Kada kuma ku manta da zakka. Cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba akwai faƙiri, akwai miskini, akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma wanda ya gudo ya bar gonarsa da shanunsa ya shiga cikin waɗannan ko da a garinsu attajiri ne. Manomin damina ɗaya bisa goma yake fitarwa in amfaninsa ya kai nisabi, mai noman rani da ke ban ruwa da wahala rabin haka. Da za a tara ta unguwa guda a hannun amintattu, maimakon kowa ya rarraba tasa kwano-kwano a ƙofar gida, da gidaje da yawa sun ga wata kakar ba tare da roƙo ba. Ku zauna da limaminku ya tsara muku ita bisa ƙa'ida.

Yanzu ga maganar da ba na so ka ɗauke ta da wasa, wato amana. Babu abin da ke kashe taimakon jama'a kamar zargi. Sau ɗaya mutane za su ji cewa buhu biyar sun yi ƙafa, shi ke nan, shekara goma ba za ka ƙara tara ko mudu ba a unguwar nan, kuma marayun da ba su ci ba su sha ba su za su biya. Don haka kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da kai ne, ko da ka yarda da kanka. Shaiɗan ba ya cewa ka sata, cewa yake ka ara zuwa ƙarshen wata. Ku buɗe asusu da sunan kwamiti, mutum uku su sa hannu. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rabo daban. A sami littafi, a rubuta kowace tiya da kowace naira, a riƙa karɓar rasit, kuma duk ƙarshen wata a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a ko a manna a ƙofar mai unguwa. Wanda ya ji haushi don an tambaye shi lissafi, ku sauke shi cikin mutunci tun kafin a ji kunya. Mutumin kirki murna yake a bincike shi, don binciken ne ke wanke shi. Haka nan idan aka turo maka lambar asusu a waya da hoton yara masu ban tausayi, kada ka tura wa kowa sai ka san wanda ke bayanta. Masu cin abinci da hawayen mutane sun yi yawa.

A cikin kwamitin nan ku sa baƙin da kansu, namiji da mace. Su suka san wanda ya kwana bai ci ba, su suka san wadda ta kusa haihuwa, su suka san mai ƙaryar da ya rubuta sunansa sau biyu. Kuma ku tambaye su kafin ku sayo. An sha kai wa mutane tulin tsofaffin riguna alhali abin da ke hana su barci kuɗin haya ne, ko tukunya, ko gidan sauro.

Ke kuma 'yata, akwai abin da ke kaɗai za ki iya. Mace ba za ta buɗe baki gaban kwamitin maza ta ce ba ta da audugar mata, ko zaninta ɗaya ne sai ta wanke ta jira ya bushe, ko wani abu ya same ta a hanya wanda ba ta gaya wa kowa ba. Ke za ki shiga har ɗaka, ki zauna a tabarmarta, ki ji. Ki raka mai ciki awo. Ki gayyace ta biki da suna kamar kowace maƙwabciya, ki sa ta cikin adashinku in ta fara sana'a. Abin da ta gaya miki kuma ya tsaya a cikinki.

Ciyarwa tana da iyaka, ɗana, kuma wanda ya saba ci da guminsa ba ya jin daɗin miƙa hannu. Da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina, Sa'ad bin Rabi'a ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma bai daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa. Yawancin waɗanda suka sauka a unguwarku irin wannan zuciyar gare su. Cikinsu akwai manomi, akwai mahauci, akwai masuncin da ya san bandar kifi tun daga Baga, akwai matan Bama da ɗinkin hula ya riƙe gidajensu a Maiduguri. Mai gonar da ba ya iya nome ta duka ya ba da aron wani yanki, da iri da ɗan taki. Sarkin kasuwa ya ba da gefen rumfa. A haɗa wa mace jarin tuya, a haɗa wa saurayi baro ko kurar ruwa. Jarin da ya kai kuɗin buhu ɗaya yakan cire gida guda daga layin karɓa gaba ɗaya.

Yaransu kuma su shiga makaranta tare da naku, tun a makon da suka iso. A yafe musu kuɗin Laraba, a ɗinka musu yunifom, wani ya bi musu takardar haihuwa. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa a Maiduguri a 2007 da yara 36, kyauta, kuma da rikici ya yi tsanani ya zaunar da marayun sojoji da na farar hula da na 'yan Boko Haram a aji ɗaya. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ba na cewa ka gina makaranta. Yaro ɗaya ka ɗauka ka tsaya masa har ya gama firamare.

Akwai abubuwan da nake roƙonka da girman Allah kada a same ka cikinsu. Kada ka sa uwa ta riƙe ledar shinkafa ta kalli waya don ka sa a Facebook. Shekaranjiya ita ke fitar da zakka a garinsu. In lallai sai an nuna wa masu bayarwa shaida, a ɗauki hoton kayan da littafin lissafi. Kada ka ɗauki ɗanta aiki ka biya shi rabin ladan ɗan gari don ka san ba shi da zaɓi. Kada ka ƙara kuɗin haya don ka ga mutane sun matsu. Mafi muni, kada ka kalli 'yarta da idon cewa ba ta da gata, aurenta ba tsada, ko a kai ta aikatau inda ba mai bin sawunta. Wanda ya sa abinci ya zama tarkon yarinyar da ta gudo daga bakin bindiga, bai fi wanda ya koro ta ba. In ka ga ana yi, ka faɗa, ko da mai yin babban mutum ne a kwamitinku.

Na san akwai tsoro, kuma ba na raina shi. Mutane na cewa ta yaya za a san ba a shigo da mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba. Maganin wannan tsohon tsarinmu ne: duk wanda ya sauke baƙo ya kai shi gaban mai unguwa, a san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa. Wannan ya kare gari, ya kuma kare baƙon daga ƙazafi. Amma a ɗora wa mata da yara dubu laifin mutum ɗaya da ake zato, zalunci ne.

Dalilin da ya sa na matsa maka yanzu shi ne taimakon waje yana janyewa. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, kuma a tsakiyar shekarar hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗin cewa tallafin da take ba mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya na gab da yankewa saboda rashin kuɗi. Gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri tun daga 2021. A Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, a unguwanni da yawa abin da ya riƙe ran mutane shi ne tukwanen haɗaka da matasan unguwa suka ɗora, da kuɗin da 'yan'uwa na ƙetare ke turowa ta waya. Kai ma kana da 'yan'uwa a Legas da Kumasi da Makka. Za su turo, in sun tabbata akwai littafi kuma ana karanta shi.

Ku kuma lura da lokaci. Da kaka hatsi ke araha, hannun manomi kuma a sake yake, to a lokacin za ku tara, ku zuba a buhu mai leda don ƙwari, ku ajiye a ɗaki mai makulli biyu a hannun mutum biyu. Kada zumuɗi ya sa ku rabe shi duka a watan azumi, lokacin da kowa ke bayarwa. Ku riƙe kaso mafi tsoka sai Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, sauro ya yi yawa, mai masauki kuma ya kashe ɗan abin hannunsa a taki da noma. A watannin nan biyu ku ninka abin da kuke kai wa kowane gida, ku haɗa da gidan sauro da kuɗin magani.